Kacici-kacicin abinci ga yara: ya za a yi ƙanana su zauna, manya kuma kar su gaji?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. In na fahimci tambayarki da kyau, kina tara yara a gida lokacin hutu, naki da na 'yan'uwa, daga ɗan shekara 4 har mai shekara 10, kin samo kacici-kacici na abinci kina karanto musu daga waya, ƙananan sai su tsaya suna kallonki ko su sulale su bar wajen, manyan kuma tun zagaye na biyu sun haddace amsa abin ya fita daga ransu, kina neman yadda wasan zai ɗore. Toh ni aikina kenan, koyar da 'yan nazare da ƙananan azuzuwan firamare, kuma da irin wannan wasan nake yawan buɗe darasi, don haka ki yi haƙuri zan ɗan yi tsawo.

Abin da ya kashe miki wasan shi ne kin fara da magana alhali abincin yana can kicin. Kacici-kacici ai sa wa abu rigar wani abu ne a ce ka gane shi. In aka ce "ɗakin samari babu ƙofa" ana so yaro ya riƙe hoto biyu a kansa lokaci guda, ga ɗaki ga ƙwai, ya nemo inda suka haɗu, kuma wanda bai taɓa juya ƙwai a hannunsa yana dubawa ba babu inda zai samo wannan haɗin, ya sha cin ƙwai kam amma a faranti yake zuwar masa an riga an fasa an soya. Ki gwada wannan gobe da safe, ki dafa ƙwai ki bari ya huce ki miƙa wa ɗan shekara 4 ɗin ki ce nemo min ƙofar da ɗan tsako yake shiga. Zaki ga ya juya shi ta sama ya juya ta ƙasa, ya kawo shi dab da ido, wani har sai ya kara a kunne ya girgiza, can ya ɗago ya ce anti babu. Ki ce masa to, ki ƙyale shi ya cinye abinsa. Da yamma in kowa ya zauna sai ki jefa kacici-kacicin, shi zai riga na shekara 10 amsawa, kuma daga ranar ba zai ƙara tashi daga wajen wasan ba don ya ɗanɗana yadda cin gari yake.

Sai maganar shekaru, don yaran da kika lissafa ba aji ɗaya suke ba ko kusa. Wani masanin halayyar yara a Kanada, Thomas Shultz, ya yi gwaji a 1974, ya ba yara kacici-kacici na ban dariya iri biyu, ɗaya da amsarsa ta ainihi mai ma'ana biyu, ɗayan an cire dabarar an bar shirme kawai. 'Yan shekara 6 duk ɗaya suka ɗauke su, sai daga wajen shekara 8 ne yara suka fara fifita mai dabarar. Ma'ana ɗan shekara 4 ko 5 in kika ba shi kacici-kacici mai harshen damo ba taurin kai ne ya hana shi ganewa ba, lokacinsa ne bai yi ba, kuma in ya ga manya na dariya shi ma zai yi don kar a bar shi a baya. Shi ya sa nake raba wasan, ƙanana hannu da hanci da kunne, na tsakiya kamance, manya wasa da kalma da ƙirƙira.

Ƙananan nan, 3 zuwa 5, ki fara musu da siffa tsagwaronta ba ɓoye-ɓoye. Ki ɗora abu uku a faranti a gabansu, misali kankana da ayaba da karas, sai ki ce waje kore, ciki ja, 'ya'yansa baƙaƙe, wane ne? Amsar tana gabansu, aikinsu kawai su zaɓa, kar ki ga kamar ya yi sauƙi da yawa, a wannan shekarun sauƙin ne yake riƙe su. In sun saba sai ki ƙara su zama biyar, daga baya ki rufe farantin da kyalle su amsa da ka. Akwai kuma na ɓatan abu, su kalli farantin ki rufe ki zare ɗaya a ɓoye ki buɗe ki ce me ya gudu, wannan ko ɗan shekara 3 yana yi.

Amma wanda na fi so duk a cikinsu shi ne jakar laluba. Ba sabon abu bane, makarantun da suke bin tsarin Maria Montessori, likitar nan ta Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko a Rum a 1907, sun daɗe suna yi. Rigar filo ma ta isa. Ki zuba albasa da lemo da dankali da kokwamba da ɗanyar masara da ɓawonta, yaro ya zura hannu ba leƙe. Ga dokar da mutane da yawa suke tsallakewa, kuma ita ce ran wasan: ba a yarda ya faɗi sunan abin ba sai ya faɗi abu uku da hannunsa ya gaya masa. Da farko zai ce miki "abu ne", ko "ƙato ne", sai ki taya shi da tambaya, santsi gare shi ko kaushi, da tauri ko da laushi, mulmulalle ne ko dogo, yana da tsini, yana da sanyi, in ka matsa yana ƙara? Yarinya ta taɓa kama albasa a jaka ta ce min yana da riga mai ƙaras-ƙaras, kansa da tsini, gindinsa da gashi. Kinga ai ta gama haɗa kacici-kacici ba ta sani ba, sauran yaran da ke zaune su ne masu amsawa. A haka ne yaro yake tara kalmomin siffa, kuma duk wanda ba shi da waɗannan kalmomin ko ya kai shekara 10 ba zai iya ƙirƙirar nasa ba sai dai ya haddace na wasu.

Na kunne kuma gwangwanaye ko robobi marasa nuna ciki masu murfi, biyu shinkafa, biyu wake, biyu gishiri, biyu gari, a girgiza a nemo wanda ya yi ƙara iri ɗaya da ɗan'uwansa, ki dai manne murfin da salatif don ƙananan suna cusa wake a hanci, wannan ba labari bane. Na hanci, kofuna ki rufe bakinsu da takarda ki huda ƙananan ramuka, ɗaya citta, ɗaya ɓawon lemo, ɗaya tafarnuwa, ɗaya kanumfari. Banda garin barkono da duk wani gari mai tashi.

Na ɗanɗano shi yara suka fi rububi, shi ne kuma ya fi buƙatar ki buɗe ido. Yadda ake yi, yaro ya rufe ido ya toshe hancinsa da yatsu, a sa masa ɗan gurzajjen tuffa ko gurzajjen karas ko kokwamba a cokali, a ce mene ne. Da yawa sai su rikice, suna jin zaƙi-zaƙi da ruwa-ruwa amma sunan ya ƙi zuwa, da ya saki hancin sai ki ga ya zaro ido ya ce laa tuffa ce. Dalili kuwa harshe abu biyar kawai yake rarrabewa, zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri da na biyar ɗin nan da ake ji a romon nama da nunannen tumatir, wanda wani masanin sinadarai na Japan, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908 ya sa masa suna umami. Sauran abin da muke cewa ɗanɗano, abin da ya bambanta mangwaro da gwanda, ƙamshi ne da yake hawa hanci ta bayan maƙogwaro lokacin da ake tauna, shi ya sa mai mura yake cewa abinci ba daɗi. Af, wannan zanen harshen da ke cikin wasu tsofaffin littattafan makaranta wai zaƙi a gaba ɗaci a baya, ba haka yake ba, ko'ina a harshe yana jin duka, manyan yaran za su iya gwadawa da kansu da ruwan sukari da ɗan auduga su ƙaryata littafin, suna jin daɗin wannan sosai.

Tunda ba naki kaɗai bane yaran, kafin ki sa wa ɗan wani komai a baki ido rufe ki tambayi uwarsa ko akwai abin da jikinsa ba ya karɓa, gyaɗa da ƙwai da madara da kifi da riɗi da alkama suna cikin waɗanda suka fi tayar wa yara, kuma wani ba ƙaiƙayi kawai yake tsayawa ba har numfashi yake kamawa. Ɗan ƙasa da shekara 5 kar a ba shi gyaɗa ko kashu guda-guda, haka gugguru da alewa mai tauri da ɗanyen karas yanka-yanka, inabi kuma a tsaga shi ta tsawo, don waɗannan ne suke maƙale wa yara a maƙogwaro, ga shi ana wasa ana dariya baki cike. A zaune ake ɗanɗana, ba a guje ba. In akwai jariri a wajen da bai cika shekara 1 ba kar wani ya lasa masa zuma. Kowa da cokalinsa. Sannan wallahi ki sa ido kan manyan, akwai shekarun da yaro yake ganin babu abin dariya kamar ya sa wa ƙaninsa barkono a cokali ido rufe, in aka yi wa yaro haka sau ɗaya ya daina yarda ya rufe ido kenan, wani ma har abincin zai tsana. Wanda ya ce baya so a ɗaure masa ido da kyalle a bar shi ya rufe da tafin hannunsa, wanda ya ce zai tofar a ba shi inda zai tofar.

Akwai wani amfani da iyaye suke samu a nan ba su nema ba. Yara tsakanin shekara 2 zuwa 6 sun fi ƙyamar abincin da ba su saba ba, haka halittarsu take, kuma binciken masana abincin yara ya nuna sau da yawa sai an gabatar wa yaro da abu wajen sau 8 zuwa 15 kafin ya karɓa, mu kuwa sau biyu in ya kau da kai sai mu ce ai wane baya cin kaza. Taɓawa da sunsunawa ba tare da an ce sai ka ci ba suna rage wannan ƙyamar. Wani Bafaranshe, Jacques Puisais, tun shekarun 1970 ya fara darussan ɗanɗano ga 'yan makaranta a kan wannan tunanin, daga baya makarantun yara a Suwidin da Finlan suka ɗauka. Sai dai kar ki maida wasan tarko, irin a ce wanda ya kasa amsa sai ya cinye kabejin, yara suna gane tarko da wuri fiye da yadda muke zato.

Toh sai na tsakiya, 6 zuwa 7, su ne lokacin kacici-kacici irin wanda muka tashi da shi ya yi. Ki buɗe da ƙulin ƙulifita su ce gauta, wannan ba don tunani ake yinsa ba, kowa ya san amsa, kamar sallama ce ta shiga wasan kuma yana ba wanda bai iya komai ba damar buɗe baki. Daga nan "baba na ɗaka gemu na waje", hayaƙi. "Tsumangiyar kan hanya fyaɗe yaro fyaɗe babba", yunwa, wannan ki ajiye shi sai dab da za a zuba abinci ciki na kuka, a lokacin ne suke ganewa da jikinsu. "Na wanke ƙwaryata na je gabas na je yamma ba ta bushe ba", harshe. Amma fa ki lura wasu daga cikin tsofaffin sun yi wa yaran yanzu nisa, ba don wuya ba sai don kayan da ake magana a kai sun bar gidajen. "Uku-uku gama gari" murhu ne na duwatsu uku, yaron da ya buɗe ido ya ga risho ko gas ta ina zai kamo? "'Yan matan gidanmu kullum wanka" moɗa ce, shi kuwa a firij yake ɗaukar ruwa. "Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya" har yanzu yana aiki don tsintsiya tana nan. Ni bana jefar da waɗancan, amma bana tambayarsu a matsayin gwaji, sai na jera duwatsu uku na ɗora tukunya sun gani tukunna, ko na nuna hoto, in ba haka ba kin koya musu haddar amsa ne kawai, irin wadda kika ce ta gundure su.

Kar kuma ki yar da dokar ba da gari, ita ce take hana wanda ya kasa jin kunya. Ya kasa, ya ce na ba ki gari, ki ce wanne, ya faɗa, in kin ga dama ki ce a'a wannan ya yi min kaɗan ƙaro wani, ki karɓa ki ɗan yi barkwanci kin je kin ci kin sha kin dawo, sannan ki faɗi amsar. Kinga rashin sani ya koma wani wasan na daban, ana dariya ba a yi wa kowa dariya ba. Abin sha'awa masu jin Swahili a gabashin Afirka su ma haka suke yi, wanda ya kasa sai ya ba da gari, kuma su ma suna da na ƙwai kusan irin namu sak, gidana ba shi da ƙofa. Rashawa kuma suna da na albasa, wai tsoho ne zaune da riguna ɗari, duk wanda ya tuɓe masa sai ya zubar da hawaye. Abinci kowa na riƙe shi a hannu kullum shi ya sa ko'ina aka je shi ne kan gaba a kacici-kacici.

Abu biyu da manya suke yi suna ɓata wannan matakin. Na farko gaggawa, an yi tambaya ba a kai daƙiƙa uku ba an faɗi amsa. Ki ƙirga goma a zuciyarki, shirun nan da kike jin ya yi yawa a cikinsa ne kan yaro yake aiki. In sun cije ki ba da alama daki-daki, a kicin yake, ana fasa shi, kaza ta san shi, ba ki zube amsar gaba ɗaya ba. Na biyu, kuma ya fi ciwo, shi ne cewa "ba haka bane" ga amsar da ta dace. Kin ce ɗakin samari babu ƙofa yaro ya ce kwakwa, ko kankana. Toh ina ƙofar kwakwa? Yaron nan ya yi tunani daidai, amsarsa ce kawai ba ita aka gada ba. Ki ce masa kai wannan ma ta shiga, amma nawa ɗakin fari ne ciki da rawaya, ki ƙara alama. In kika ce masa ya faɗi, abin da ya koya shi ne wasan na masu hadda ne, gobe ba zai yi tunani ba zai jira ya ji amsa ya riƙe.

Yanzu manyan naki, 8 zuwa 10, waɗanda suka haddace komai. Waɗannan sun wuce a yi ta tambayarsu, so suke a ba su wuƙa da nama. Su ne lokacin kalma mai fuska biyu ya yi musu, wane gari ne ba shi da sarki ba shi da kasuwa sai dai a tankaɗe shi, ko kuma ki tambaya da sauri wa ke cikin tukunya, amsar tana cikin tambayar, wake, sai sun yi ta zagaye kafin ɗaya ya fashe da dariya. In an amsa kar a wuce, ki ce wanda ya gane ya bayyana wa sauran me ya sa abin ya ba da dariya. Wata mai bincike a jami'ar Sussex ta Ingila, Nicola Yuill, ta yi aiki da yara 'yan wajen shekara 7 zuwa 9, ta samu cewa tattauna irin waɗannan kacici-kacici masu ma'ana biyu yana ƙara musu fahimtar abin da suke karantawa, don yaron da ya saba tambayar kansa ko wannan kalmar tana da wata ma'anar shi ne yake tsayawa ya sake duba jimla in bai gane ba maimakon ya wuce.

Sai wasan e ko a'a. Mutum ɗaya ya riƙe wani abinci a ransa, sauran suna da tambaya 20, amsa e ko a'a kawai. Da farko za su yi ta harbi a duhu, shinkafa ce, taliya ce, nama ne, tambayoyin su ƙare. Ki bari su faɗi sau ɗaya ko biyu sannan ki nuna musu tambayar da take raba abu gida biyu, ana cinsa ɗanye, daga dabba yake, a cikin ƙasa yake girma, yana da ɓawo. In kowace tambaya tana yanke rabi, tambaya 20 ta isa a ware abu ɗaya daga cikin 1,048,576, ki ba mai son lissafi a cikinsu ya ninka biyu sau 20 ya gani da idonsa. Ana kuma juya shi, a manna wa yaro takarda a goshi da sunan abinci ko zanensa, kowa na gani banda shi, shi ne zai yi ta tambaya har ya gano ko shi wane ne, wanda aka manna wa kabewa kam ya shiga uku da tsokana ranar.

Amma babban aikin da zaki ba su, wanda ba ya ƙarewa, shi ne su ƙirƙiri nasu. Ga yadda nake yi. A ɗauko abu ɗaya a ajiye a tsakiya, a yanka shi a duba ciki, sai a yi tambaya uku: da me ya yi kama, me yake yi ko me ake yi masa, sannan mene ne abin mamaki a tare da shi wanda kamar bai kamata ba. Ta ukun nan ita ce gishirin, don kacici-kacici mai daɗi kusan kullum akwai abin da ya saɓa hankali a ciki, ɗaki amma ba ƙofa, ƙwarya amma ba ta bushewa. Ɗauki masara da ɓawonta. Da me ta yi kama, wani zai ce jariri a goye a bayan kara, wani zai ce haƙora. Abin mamaki, jariri ne amma da gemu. Shikenan an samu, goyon gidanmu da gemu aka haife shi. Kafin a tashi ki sa su ƙirga layukan ƙwayar, kusan kullum adadin mai rabuwa biyu ne, 12 ko 14 ko 16, kuma kowane silin gashin nan ƙwaya ɗaya yake wa aiki, inda kika ga gurbi ba ƙwaya silinsa ne bai samu garin fure ba. Gyaɗa kuma furenta a sama yake fitowa, rawaya, sai ya saki wani tsinke ya soki ƙasa ɗan ya girma a can, toh ga kacici-kacici a kwance, ta yi kwalliya a waje ta haihu a rami. Gugguru, ya shiga tukunya da 'yar rigarsa, ya yi tsalle ya yi ihu ya fito da babbar riga fara, dalilin kuwa ɗan ruwan da ke cikin ƙwayar ne yake zama tururi ɓawon ya riƙe shi har zafi ya kai wajen digiri 180 sai ya fashe. Gishirin teku, ruwa ne ya haife ni in na koma gida na ɓace. Kwakwa, rijiya a saman bishiya. Albasa kuma ki bar su su yi nasu kafin ki gaya musu na Rashawa, sai ki ƙara musu da cewa hawayen daga wani iska ne mai sinadarin farar wuta da yake tashi in wuƙa ta fasa ƙwayoyin albasar, ya taɓa ruwan ido ya yi yaji, shi ya sa wuƙa mai kaifi da albasar da ta yi sanyi a firij suka fi sauƙi.

Na farkon da za su yi ba zai yi kyau ba, ko ya fito fili da yawa har an ambaci sunan abin a ciki, ko ya yi duhu ba mai iya ganewa. Gwajin da nake ba su shi ne su kai wa wani babba a gidan da bai ga abin ba. In ya amsa nan take a cire alama ɗaya, in ya kasa kuma da aka faɗa masa ya ce ta yaya, a ƙara alama, in ya kasa amma da ya ji amsa ya dafe kai ya ce au haba, to ya nuna. Ki samo musu littafi ɗaya na rubutu, kowa ya rubuta nasa da sunansa a ƙasa da zanen amsar a bayan shafin, yaron da ko aikin gida sai an yi dambe da shi zaki ga yana neman biro da kansa.

Haɗa su wuri ɗaya kuma ba wuya in kowa da aikinsa. Manya su shirya jakar da kofunan su kuma ƙirƙiro tambayoyin, da sharaɗin kowane babba sai ya yi ɗaya da ƙaramin zai iya amsawa, wannan ya fi yin mai wuya wahala kuma suna ganewa. A yi ƙungiya babba da ƙarami, ƙaramin ne kaɗai yake da izinin faɗin amsa, babban sai dai ya raɗa masa alama. Minti 10 zuwa 15 ya isa in da 'yan shekara 4 a ciki, ki tashi wasan tun suna cewa a ƙara. Bana ba da alewa ga wanda ya ci, da an sa kyauta sai ihu da rigima su shigo mai saurin baki ya kwashe komai, abin da aka yi wasan da shi dai a wanke a yanka kowa ya ci, wanda aka lallatsa a jaka kamar albasa da dankali ya tafi tukunya. In kuma kina son wanda za ki rufe zama da shi, ƙwai biyu ɗaya dafaffe ɗaya ɗanye, a gano wanne ne wanne ba a fasa ba, a murza su a tebur, dafaffen zai yi ta juyi da sauri ɗanyen kuma yana tangaɗi don ruwan cikinsa baya bin ɓawon.

Ki shirya kuma, ɗan shekara 4 ɗin nan da ya ga yayyensa suna yi shi ma zai ce yana da nasa, kuma zai zo miki da abu kamar "wani abu ja yana tafiya yana da hula", ku yi ta faɗa yana cewa a'a, a ƙarshe ya ce shinkafa ce. Kar ki gyara masa kar ki bar manyan su ce ƙarya ne, ya riga ya kama tsarin, tambaya da jira da amsa, ma'anar zata biyo baya nan da shekara biyu ko uku. Ki ba shi gari kawai, in ya ce bai isa ba ki ƙara masa wani.